Sawun Yatsa

Garmar Fortunato ta ci karo da tukunya
a gonar dankalinsa, can ƙwanƙolin tsaunin Andis
inda numfashi ke tsada.
Gindinta baƙi ƙirin da hayaƙin wutar
da ta mutu tun kakan kakansa bai zo duniya ba.

A ciki, ƙwayar masara uku, ƙonannu.
Wa ya kira mai girkin waje,
har ta manta da murhu?

A wuyanta maginiya ta bar sawun babban yatsa
tun yumɓu yana ɗanye.
Ya saka nasa.
Gurbin ya yi masa kaɗan.

Eulalia ta ɗauraye ta da ruwan ƙanƙara,
ta ƙwanƙwasa, ta kasa kunne.
Ta ce: ruwa kam ya fi ƙarfinta,
amma za ta riƙe mana irin baɗi.