Masaƙar da Ba Ta Rufe Ba

Baba ya yi shekara ashirin da biyu a masaƙar Kakuri
kafin a sa wa ƙofarta kwaɗo, ciyawa ta haye injuna.
Har yau in ya shafa yadi a Kasuwar Barci
yatsunsa ke riga bakinsa magana:
wannan zaren ba namu ba ne.

Ranar Laraba na kai shi ɗakin gwajinmu.
Kogi ya cika ja wur a ƙarƙashin gada, damina ta raba tsakiya.
Ya sunkuya zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa,
na ce bar su, Baba.

Na yanko tsinin saiwar albasa, na ɗiga masa rini,
na danne shi tsakanin gilasai biyu.
Na ce rufe ido ɗaya.
Ya rufe duka biyun. Muka yi dariya.

Da ya gani, sai ya yi tsit.
Ɗakuna jere kamar gidan haya a Tudun Wada,
a ɗaya cikinsu wasu baƙaƙen silla sun ja sahu,
ana rabon su, rabi gabas, rabi yamma.
Ya ce, wa ya kaɗa wannan zaren?

Kuromosom ake ce musu, Baba.
Na albasa goma sha shida, naka arba'in da shida:
ashirin da uku daga Kaka Delu,
sauran daga mutumin da ko hotonsa ba mu da shi.
In aka warware na ƙwaya guda zai haura yadi biyu,
amma an naɗe shi a kan kwarkwaro, an sake naɗewa,
har ya shige inda tsinin allura ya yi masa faɗi.

Ya ce, ba ya sarƙewa?
Na ce, yakan sarƙe. Akwai masu warwara.

Littafin zane guda ne a kowane ɗaki,
na ido, na hanta, na gindin farce.
Sai dai ido ba ya buɗe shafin hanta,
kowa da inda aka ce ya karanta.
Ya gyaɗa kai: haka muke yi.
Littafi ba ya barin ofis,
kwafin shafin ranar ake miƙo wa mai inji,
in an tashi aiki a yaga.

Ban ƙara masa komai ba. Ya riga malaminmu gamawa.

Sai na faɗa masa tantanin da ke bayan bango,
maiƙo ninki biyu,
kawuna suna son ruwa, wutsiyoyi na ɓuya daga gare shi,
da ƙofofin da ke jikinsa:
gishiri da tasa, sukari da tasa.
Ya ce, Sajan Bulus ke nan,
ko ƙaninsa ba ya wucewa ba kati.

Fanka na juyawa. Wuta ta ɗauke, ta dawo.

Bai ɗago daga madubin ba ya ce,
na Mujittaba fa?

Shekara tara ba a kira sunan a gidanmu da rana ba.

Na ce, harafi ɗaya ne, Baba,
a zare na goma sha ɗaya.
Kana da shi a ɓoye, Inna na da shi a ɓoye,
a wurinsa suka haɗu,
jininsa ya lanƙwashe kamar lauje, ya kasa wuce lungu.
Ba sammu ba ne. Ba ruwan kogi ba ne.
Ba laifin Inna ba ne.

Ya daɗe yana murza hularsa.
Ya ce, sili ɗaya kan ɓata bandir, na sani,
na sha mayar da irinsa.
Wannan kuwa da za a ba ni zaɓi, da ban mayar ba.

A Keke Napep, muna komawa ta gaban tsohuwar masaƙa,
bai waiwaya ba kamar yadda ya saba.
Tafin hannunsa yake kallo.
Can ya ce, kenan yanzu ma suna aiki?
Na ce, dare da rana.
Ya ce, ba albashi.

Da muka isa, ya wuce kicin wurin Inna,
ya tsaya yana kallonta tana yanka albasa.