Ƙullin Kawu Tiburcio

A Colchani ƙasa fara ce fat,
gishiri tun daga ƙofar gida har inda ido ya gaji.
Kantu saba'in muka loda kafin rana ta leƙo,
ni da kawuna Tiburcio,
mai yatsu huɗu a hannun dama.

Na ɗaure nawa gefen, ƙulli bisa ƙulli
har bakwai, ina huci kamar na kayar da sa.
Ya zo ya zura yatsa ƙarƙashin igiyar,
ya ɗaga, ta biyo shi laƙwas.
"Eulogia," ya ce, "yawan ƙulli tsoro ne.
Kwance."

Ya murɗa tsakiyar igiya ya fitar da hanci,
ya zaga da bakinta ta ƙugiyar mota,
ya dawo da shi ta cikin hancin,
sannan ya ja ƙasa da nauyin jikinsa duka.
Igiya ta yi ƙara, katako ya amsa,
gishiri ya matsu kamar fasinjoji a benci ɗaya.
Ya danne wuyan da babban yatsa,
zarge ɗaya, zarge biyu. Shi ke nan.
Ya kaɗa ta da farce, ta yi kukan tsirkiya.

Yatsan da babu, igiya ce ta ci shi
a gangaren Potosí, shekarar da aka haife ni.
Ban taɓa jin ya zage ta ba.
Cewa yake, ita ba ta san kaya ba, ba ta san hannu ba,
abin da ka ba ta shi take riƙewa.

Sau tara na ɗaure, sau tara ya warware
da fizga guda, ko kallona ba ya yi,
yana tauna ganyen koka.
Sanyi ya tsaga bayan hannuna,
gishiri ya shiga ya yi zamansa.
A na goma ya nemi hanyar yatsa, ya rasa.
Ya tofar da ganye, ya buɗe min ƙofar mota.

Yanzu idonsa ya tafi, ni ke tuƙi.
Bayan awa guda a hanya nakan tsaya,
don kaya kan zauna, igiya kan saki jiki.
In sauko cikin iska, in zaga motar
ina kaɗa su ɗaya bayan ɗaya,
shi kuwa ya sauke gilashi, ya karkato kunne:
"Ta uku. Sake ja."