Gwangwanin Gishiri

A saman bene cikin Kwari, ɗaki na uku daga matakala,
inda fanka ke juya zafi ba ta kore shi ba,
na gina wa Alhaji Mudi jadawalin lissafi:
shafi goma sha bakwai, gurbi kamar saƙar zuma,
shadda nan, atamfa can, yadi da dila-dila.

Kuskuren nawa ne, da hannuna na shuka shi.
Farashin dala na rubuta a wuri arba'in da biyu,
kowane gurbi na riƙe da nasa, kamar ɗan gado.

Ran Talata Wapa ta tashi da sabon farashi.
Na bi su ɗaya-ɗaya, na gyara arba'in da ɗaya.
Na ƙarshen ya laɓe a shafi na tara,
ƙarƙashin kuɗin dako, ya yi lamo.
Dila sittin suka tafi Damagaram a tsohon kuɗi.

Alhaji bai yi faɗa ba. Tabarau ya cire.
"Barira, mudu biyu a rumfa ɗaya,
wanne za mu rantse da shi?"

Da dare a Gwammaja ina kallon Inna tana girki.
Tukunya uku a kan wuta,
gishirinta kuwa gwangwani ɗaya ne, bisa kanta.
Miya ta ɗiba, wake ya ɗiba,
ba wadda aka ba ajiyar nata.

Kafin a ɗauke wuta na buɗe sabon shafi,
na sa masa suna Saiti.
Dala, haraji, dako, la'adar dillali,
kowa da sunansa, kowa layi guda,
gefe kuma ranar da aka taɓa shi da wanda ya taɓa.
Na hana sauran shafuka haddar lamba:
mai so ya zo nan ya tambaya.
Tambayar ma sau ɗaya, da an buɗe fayil,
don ba a aiken yaro Wapa a kan kowane ciniki.

Yau dala ta sake motsawa.
Tasi'u yaron shago, yatsa duk man awara,
ya canja gurbi ɗaya,
shafi goma sha bakwai suka amsa.

Layi na takwas ne kawai ba ya taɓawa.
An rubuta: bashin Barira, dila sittin.
Ni ke rage shi, ƙarshen kowane wata.