Ɗakin da ke Kuncina

Wata uku ina zargin turmina na sama.
Kanumfari, ruwan gishiri,
duk a banza.

Likita Zuwaira ta ɗaga hoton a taga,
hasken Tarauni ya ratsa ƙashina.
"Malam Ɗanjuma, ɗaki gare ka a kunci.
Na dama baƙi wuluk, iska ce zalla.
Na hagu, duba, fari kamar tsala."

Saiwar haƙorin ta huda daɓe,
mafitar ruwa kuwa can kusa da rufi.

Shekara talatin ina gini,
Gwammaja har Hotoro,
ban taɓa ɗora magudana a sama ba.
Na kama bakina.
Mai wannan ginin ya san dalilinsa.

Na fito neman ɗan sahu
a hankali,
kamar mai ɗauke da tulu a fuska.