Masu Tsaron Gida

Gilashin da nake leƙa cikin agogo da shi,
shi nake kafa wa ido bayan la'asar.
In ture mataccen agogon Alhaji Arzika gefe,
in shimfiɗa farin ƙyalle kan tebur,
in wanke hannu kamar zan ɗiba wa baƙo tuwo.

Daga Kwatano suke zuwa, cikin dilar bosho,
a aljihun rigar sanyin wani yaro
da ban san sunan garinsu ba.
Nomau in ya kwance dila, aljihu yake fara laluba,
ya aiko mini: kati goma, dala ɗari,
ba ragi, ba bashi.

Kusurwa nake fara tambaya, duk huɗun.
Wadda ta daƙushe ta faɗi da bakinta.
Sai in karkata katin wajen hasken ƙofa,
don ƙarce ba ya son a gan shi gaba da gaba.
In hoton ya zauna tsakiya, launi bai sha rana ba,
wannan lamba ɗaya ne, ya shiga leda.
Mai tabon maiƙo lamba uku.
Wanda gara ta ɗanɗana, na yaran unguwa ne, kyauta.

Masu cin ƙwallo su ne kuɗi.
Akwai ɗan wani ma'aikacin kwastan a Yamai,
ya ga hoto a waya, bai taya ba, ya turo jikka takwas.
Na matse katin tsakanin kwali biyu,
na kai tasha da kaina,
na ce wa direba takardar gado ce, kar ta ji ruwa.

Tsahara ta ce, to ina kuɗin?
Na ce suna nan.
Ta ce a ina?
Na nuna gwangwanin madara a ƙarƙashin gado.

Masu tsaron gida ne a ciki, sittin da bakwai.
Ba mai neman su sai ni.
Duk ɗan gaban da na sayar, mai safar hannu na saya da shi.
A fadarmu ta Bagalam, kan shayi na biyu,
suna cewa Tsayabu ya sayar da doki ya sayi akwaku.
Ba su tsaya tsakanin duwatsu biyu ba
a rairayin Gulbi lokacin rani,
shekara tara, gwiwa duk tabo,
ka tare goma ba a kira sunanka ba,
ɗaya ta wuce, a bi ka da shi har gida.

Ran Laraba wani yaro ya zo, Illa,
da kati a tafin hannu, ya jiƙe da gumi.
An ninke shi huɗu. Kusurwa ɗaya babu ita.
Wani ya yi lissafi a bayansa da biro.
Ya ce, Malam, lamba nawa?

Na kafa gilashi, ko da yake ba sai da gilashi ba.
Mai tsaron gida ne, koriyar riga,
ya tashi sama, ƙwallon ta riga ta wuce yatsunsa,
mai hoto ya kama shi daidai lokacin da ya sani.

Na ce ba shi da lamba.
Gaskiyar sana'a ke nan, ba na sayar da ita.
Yaro ya miƙo hannu zai karɓa.
Na ce dakata.
Na ƙirga masa jikka biyu, kuɗin cefanen gobe.
Ya dube ni kamar yadda Tsahara za ta dube ni.

Yanzu sittin da takwas.
Ban sa shi a leda ba, ba abin da ya rage a kare.
Agogon Alhaji Arzika na nan tsaye kan ƙarfe huɗu da kwata,
gobe zai zo, in ce masa
ana jiran kaya daga Kano.