Ɗan Yayata Yana Neman Rana

Ƙarfe biyun dare waya ta yi kuka.
Sallau ne, ɗan yayata,
daga ƙasar da ruwa ke zama dutse a bakin famfo.
Ya ce, "Kawu, yatsuna sun daina jin magana.
Rana a nan baƙuwa ce mai sauri,
ta leƙo, ta koma, shayi bai huce ba.
Hutun ƙarshen shekara mu huɗu ne,
muna son inda gumi zai tsattsafo mana,
mu taka ƙasa, mu kwana a tanti, mu faɗa ruwa.
Ɗaya ya ce Zanzibar, ɗaya ya ce Maroko,
ni kuwa na bugi ƙirji, na ce kawuna yana Ikko.
Zaɓa mana wuri."

Na ce to, don bakin kawu ba ya cewa ban sani ba.
Fanka tana kwasar zafi daga lungu zuwa lungu,
injin maƙwabci yana tari.
Shekara ashirin da uku ina Agege.
Na san kuɗin albasa tun tana kan mota,
na san kwandastan da ke cinye canji,
amma teku?
Daga saman gada muke gaisawa,
ni a matse tsakanin buhu da ƙofa,
ita a shimfiɗe, ba ta bin kowa bashi.

Da safe na bar rumfa a hannun Barau.

Na fara da Lekki, inda aka rataye hanya a kan itatuwa.
Taku bakwai, gwiwoyina suka zama kunu.
Duk addu'ar da na haddace ta fito a guje,
har da ta shiga kasuwa.
Wani biri ya dube ni duban mai karɓar haraji,
ya ƙwace ayabata, bai ba da rasit ba.

Ranar Laraba na sauka Epe.
Wata Iya Morenike ta ɗaga kifi ya kai tsawon hannuna,
ɗanta ya tura kwalekwale cikin ruwa baƙi kamar shuni,
saiwoyi tsaye a ciki kamar ƙafafun masu wanki.
Shiru ya yi yawa har na ji kunnena yana neman hon.
Sauro kuma ya karɓe ni hannu bibbiyu.

Sai Tarkwa.
Ba mota, sai jirgi, sai rigar ceto mai warin wani.
Na sauka, na naɗe wando,
na tsaya inda yashi ke gudu ƙarƙashin tafin ƙafa.
Igiyar farko ta gaishe ni,
ta biyu ta tambayi gida,
ta uku ta tafi da takalmina na hagu.
Na yi dariya har gishiri ya shiga gemuna,
ni, mai jika biyu.
Na yi la'asar a kan yashi mai ɗumi,
manyan jirage suna wucewa a hankali
kamar shanun da suka ƙoshi.

Da dare na kira shi.
Na ce, "Sallau, ba zan yi maka zaƙin baki ba.
Zafin nan ba ya sallama,
cunkoso zai ci rabin yininku,
ku zo da gidan sauro da haƙuri buhu guda.
Amma rana tana nan, ba ta zuwa ko'ina,
mu har korarta muke da kwali.
Ku bar wa jaka rigunan ulu.
Ku kwana biyu a Tarkwa, ku wuce Epe,
gadar biri kuwa ku hau, ni zan riƙe muku kaya."

Ya ce, "Kawu, tanti na mutum huɗu za mu saya?"

Na dubi ƙafata guda, yashi bai gama fita ba.
Na ce, "Na biyar.
Kuma ka taho mini da takalmi, lamba arba'in da uku."