Mabuɗin Sito

Shekara talatin da ɗaya ina kan kujerar nan.
Shago huɗu, ma'aikata arba'in da bakwai,
manyan riguna, ɗinkin hannu na cikin birni,
aska takwas, aska biyu, malum-malum.
Ban taɓa sayar wa wanda ban ga idonsa ba.

Ran wata Talata, a ofishinmu na Sabon Gari,
Uwani ta haska bango da zane.
Layi guda na gangara kamar mai neman Kubanni.
Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ƙafafu ne, masu shigo mana."
Guda na hawa. "Wannan kuwa yatsu."
Daraktoci biyar, kowa ya sa ido a kofin shayinsa.

Na ce, nawa ne? A sayo.
Na ɗauka janareta ne,
a kawo, a girke, a ja igiya.

Odar farko ta faɗo ƙarfe biyun dare
daga Fatakwal, mutum ba fuska, sai lamba.
Na'ura ta ce sha biyu gare mu.
Da safe Ramalan ya buɗe sito: uku.
Sauran tara na cikin kansa.
Biyu bashi ne wurin surukina,
huɗu na wurin mabuga,
uku ni na ɗiba da Sallah, ban rubuta ba.

Ashe ba shago muka buɗe ba,
madubi muka rataya.

Sai maganar farashi ɗaya.
Ni da na gaji "albarka" daga bakin ubana,
ni da ke karanta aljihun mutum daga takalminsa!
Waya ba ta sa takalmi.

Shagon Tudun Wada, wanda tsohon ya gina,
kwana tara ina juya shi a raina
kafin na ce a rufe ƙofar gaba.
Unguwa ta ce Alhaji ya karye.
Na bar su da zancensu.
Ta ƙofar baya kwali sittin ke fita kullum,
a Kwangila direbobi sun haddace tambarinmu.

Wata mata a Legas ta maido da riga,
wai shuɗin bai kai na hoto ba.
Tauraro ɗaya ta ba mu, a bainar duniya.
Da a shago ne, da na jawo mata kujera,
a kawo ruwan sanyi, mu gaisa har ta huce.
Darakta Tanimu ya ce a goge.
Uwani ta ce, "Ba a gogewa. Amsawa ake."
Ni na amsa, da yatsa ɗaya,
minti arba'in, layi uku.

Kowa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ta sauya.
Ba wanda ya faɗa mini
gwiwar mai rawa ce ke biyan kuɗin.

Ramalan bai taɓa ɗaukar ko zare ba.
Da aka miƙa masa na'urar ƙirga
ya juya ta, ya ajiye,
ya zaro mabuɗin sito ya ɗora kan teburina.
Na ce, ba kai ake son canzawa ba.
Ya ce, "To, wa?"
Fanka na juyawa. Na dubi hannuwana.
Na tura masa mabuɗinsa,
na ciro nawa, na spare da ke aljihu tun zamanin tsoho,
na haɗa masa.

Ku 'yan'uwana masu kujera mai juyi,
za a kawo muku zane, za a kawo muku lissafi.
Ku tambaya, kafin ku sa hannu,
riga nawa ke cikin kan mutum ɗaya,
kuma nawa ke cikin ɗakinku.

Ribar bana ban san inda za ta tsaya ba.
Kuɗin mota ya ci rabin murnar,
sabis yakan ɗauke ana tsakar ciniki.
Jiya dai na shiga sito bayan la'asar,
na ga wata tsamiya, na miƙa hannu.
Ramalan ya duba gilashin hannunsa, bai ɗago ba.
"An saye ta tun asuba, ranka ya daɗe.
Wani ne a Damagaram."

Na janye hannuna.
Na taya shi naɗe ta.